Turancin mutanen Ayalan: kunnena ne, ko kowane gari da nasa?

Maman_Ilham
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan da na fara aikin jinya a Cork, kudancin Ayalan. Kafin in taho na ci jarrabawar Turanci da maki mai kyau, kuma shekara tara na yi ina aiki a Kano tare da likitoci Indiyawa da Misirawa da Yarabawa, ban taɓa cewa a maimaita mini magana sau uku ba. Ranar da na fara aikin dare, wani dattijo manomi daga yammacin Cork ya kira ni, ya yi mini magana ta kusan minti guda. Wallahi kalma biyu na tsinta. Na tsaya ina kallon bakinsa gabana na faɗuwa, don ban sani ba ko ciwo yake faɗa mini. Ashe bargo yake so a ƙara masa, sannan yana tambaya ko a garinmu ana ruwan sama kamar nasu.

Duk da wannan wahala, ni dai ban taɓa jin Turanci mai daɗin nasu ba. Murya tana hawa tana sauka kamar ana rera waƙa. Na Landan da muka saba ji a rediyo yanzu lami nake jin sa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, akwai wata likita 'yar Dublin a sashenmu, nata daban, akwai wani mai tura marasa lafiya ɗan Belfast, shi kuma kamar daga wata ƙasa ya zo. Waɗanda suka daɗe a nan, iri nawa ne wai? Kuma ni kaɗai ce nake ganin ya fi na Ingila da na Amurka daɗin saurare?

Dan_Fagge84
Wa alaikumus salam Maman Ilham, Allah ya ba da sa'ar aiki. Ba kunnenki ba ne. Ni ban taɓa zuwa ba, amma mu 'yan kallon ƙwallo mun daɗe da sanin wannan. Roy Keane, tsohon kyaftin ɗin Manchester United, ɗan Cork ne. In yana sharhin wasa ransa ya ɓaci, muryar sai ta yi sama ta sirance, kalmomin su riƙa bin juna a guje. Ki kwatanta shi da Seamus Coleman da ya yi suna a Everton, ɗan Donegal, shi maganarsa a hankali take fita da taushi. Tuta ɗaya suka buga wa wasa, amma baki biyu.

Malam_Nahawu
Hajiya Maman Ilham, tambayarki ta faɗo a fagen da nake karatu, bari in ɗan yi tsawo.

Tsibirin duka mutanensa ba su kai miliyan 8 ba, kuma daga Dublin zuwa Cork bai fi Kano zuwa Kaduna da wani abin kirki ba. Amma in an yi rabon gwari-gwari, akwai manyan kare-kare uku: na arewa wato Ulster, na yamma da kudu maso yamma, da na Dublin, wanda shi ma ya rabu gida biyu. A cikin kowanne kuma ɗan ƙasa yana iya gaya miki gundumar mutum daga jimla ɗaya.

Dalilin shi ne Turanci baƙo ne a bakinsu. Suna da harshensu, Gaeilge, wanda shi ne harshen yawancin mutanen karkara har cikin ƙarni na 19. Makarantun gwamnati da aka kafa a 1831 da Turanci suke koyarwa, sannan yunwar 1845 zuwa 1852 ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu fiye da haka suka yi hijira, kuma yankunan masu Gaeilge ne abin ya fi yi wa ɓarna. Iyaye suka koma tura 'ya'ya ga Turanci don su samu abin yi a Amurka da Ingila. To mutanen da suka koyi Turanci cikin gaggawa daga bakin waɗanda su ma koyo suka yi, sai suka zuba shi a mazubin tsohon harshensu. Waƙar da kike ji a bakin dattijon nan, amon Gaeilge ne da ya rage.

Misali: suna cewa "filum" maimakon "film", domin tsohon harshen yana cusa wasali tsakanin irin waɗannan baƙaƙe. Mu ma haka muka yi da burodi da sukurudireba. Suna cewa "I'm after eating", ma'ana yanzun nan na ci abinci, ginin jimlar Gaeilge ne sak. Kuma in kin tambayi tsoho ko zai sha shayi, ba lalle ya ce "yes" ba, sai ya ce "I will", saboda Gaeilge ba shi da kalmar i ko a'a, aikatau ake maimaitawa.

Alhaji_Tudun_Wada
Malam Nahawu ya yi bayani, Allah ya ƙara ilimi. Amma ni ban yarda da Maman Ilham ba kan maganar daɗi. Daɗin magana shi ne a gane ta. Mu da muka tashi muna jin labaran duniya na BBC da Turanci, mun san abin da ake kira tsabtar lafazi. Ku nemi jawabin Sir Abubakar Tafawa Balewa na ranar samun 'yanci a 1960 ku saurara. Wannan shi ne Turancin da Kwalejin Katsina ta koyar, kowace kalma da nauyinta, ba gudu ba haɗiye harafi. Turancin da ma'aikaciyar jinya za ta tsaya tana zullumi a kan gadon mara lafiya, ina daɗinsa?

Binta_Leeds
Baba Alhaji, da girmamawa, wannan Turancin na rediyo ko a Ingila 'yan kaɗan ne suke yin sa. Shekarata goma sha ɗaya a Leeds. Ka je Newcastle ko Liverpool ka tsaya a tashar bas, za ka ce gara dattijon Cork. Kuma maganar haɗiye harafi, ai Ingila ce gidanta. Ɗan Landan ba ya furta r a "car" ko "water", t ɗin ma sau da yawa a maƙogwaro yake tsayar da ita. Mutumin Ayalan kuwa duk r ɗin da aka rubuta sai ya faɗe ta. Ni a waya na fi gane su.

Dan_Fagge84
Anti Binta kin tuna mini da Jamie Carragher, tsohon ɗan ƙwallon nan ɗan Liverpool. Ranar da ya haɗu da Keane a sharhi ɗaya, sai an natsu.

Malam_Nahawu
@Dan_Fagge84, akwai dangantaka ma tsakaninsu. Liverpool ita ce tashar jirgin ruwan da 'yan gudun yunwar nan suka fi sauka, da yawa kuma ba su wuce ba. Shi ya sa karin Liverpool ya fita daban da na garuruwan da ke kewaye da ita, akwai hannun Ayalan da na Wales a ciki.

Baba_Yohanna_Jos
Ina gaishe ku duka. Jikata ce ta nuna mini wannan hira, na ce sai na sa baki. 'Yata Maman Ilham, wannan muryar da kike ji a Cork, mu mun ji ta a aji tun kafin a haife ki. Fadan da ya koya mana lissafi a makarantar mishan ɗan Cork ne. Yawancin fada-fadan ƙungiyar SMA da suka yi aiki a Jos da Kaduna 'yan Ayalan ne, babban gidansu ma a nan Cork yake inda kike. Sistocin St Louis da suka zo Kano a 1948 su ma daga can suka fito. Har waliyyin ƙasarsu, Patrick, shi Cocin Katolika ta ɗauka majiɓincin Nijeriya a 1961.

Shi Fadanmu ba ya cewa "thirty-three", sai "tirty-tree", mu kuma muka ɗauka haka Sarauniya take faɗa. Sai da na je Kaduna aiki wani Bature ɗan Ingila ya gyara mini. Abin da ba na mantawa shi ne Hausarsa. Ya iya ta sosai, yana wa'azi da ita, yana ciniki da ita a kasuwa, amma da waƙar garinsu. In ya ce "sannu da aiki", ƙarshen sai ya tashi sama kamar tambaya. Tsofaffin mata suna son sa saboda haka. Ya rasu da daɗewa, amma in na ji ɗan Cork a talabijin har yau sai in ga allo da alli.

Maman_Ilham
Allah sarki Baba Yohanna, na gode. Wannan ya bayyana mini wani abu. Tsofaffi da yawa in na ce daga Nijeriya nake, sai su ce kawunsu fada ne a can, ko gwaggonsu sista ce. Wata tsohuwa har "sannu" ta ce mini, na kusa yin kuka.

Sadiq_ABU
Tambaya ga Malam Nahawu. Na taɓa jin ana cewa "dis" da "dat" da "tank you" na mutanen kudancin Nijeriya daga bakin fada-fadan Ayalan aka ɗauko. Labarin Baba Yohanna kamar ya gaskata haka.

Malam_Nahawu
Sadiq, ana faɗa, amma ni ban gamsu ba. Wannan sautin th ba ya cikin Yarabanci, ba ya cikin Ibo, ba ya cikin Hausa. Duk wanda ba shi da shi zai nemi mafi kusa. Mutanen kudu suka ɗauki t da d, mu Hausawa muka ɗauki s da z, shi ya sa ake tsokanar mu da "zis" da "sank you". Jamaika ma t da d suke yi. Malami yana iya ƙarfafa abin da ɗalibi ya zo da shi, wannan na yarda.

Kuma a gyara wani abu: yawancin mutanen Ayalan ba su haɗe "tin" da "thin" ba. Ɗaya harshe yana taɓa haƙora, ɗaya yana taɓa dasashi. Su suna jin bambancin sarai, baƙo ne ba ya ji. Kamar yadda Bature ba ya bambance bara na yaron gida da bara na roƙo, alhali mu r biyu muke furtawa.

Bagobiri_Na_Asali
Ni abin da ya kai ni ga wagga magana shi ne batun Alhaji na cewa akwai mai tsabta akwai marar tsabta. Mu mutanen Sakkwato mun san wanga ciwo. In na ce "mi kaka yi" ko "shina zuwa" a Kano sai a yi dariya, a ce in yi Hausa. To mi nika yi da? Littafin makaranta an rubuta shi da Kananci don can Turawa suka zaɓa, ba don ta fi tamu tsufa ba. Dattijon Cork ba kuskure ya yi ba, harshen uwayenai ya yi. Maman Ilham, ki ba shi wata shida, kunne na sabawa.

Alhaji_Tudun_Wada
Bagobiri, ban raina karin kowa ba, matata ma Bakatsiniya ce. Ina magana ne a kan wurin aiki. A asibiti ko a jirgin sama dole a samu lafazin da kowa zai gane. A gida kowa ya yi nasa.

Abban_Khalifa_D15
Shekara 19 ina Dublin, goma daga ciki ina tuƙin tasi, don haka duk wani baki na ƙasar nan ya zauna a bayan motata. Dublin kanta biyu ce kamar yadda Malam ya faɗa. Akwai na tsofaffin unguwannin ma'aikata, irin na ɗan damben nan Conor McGregor na Crumlin. Su ne masu kiran garin da u irin ta "dubu", su ce "bus" da u ɗin nan, su ja "time" ta zama kamar "toyim", kuma in mutane da yawa suke nufi su ce "yous". A karkara kuma "ye" ake cewa. Wannan ya burge ni tun farko, domin mu da muke da kai da ke da ku, kullum "you" ɗaya tilo tana yi mini ƙaranci.

Sai kuma na masu hali, da ake kira D4 saboda lambar gidan waya ta unguwannin Ballsbridge da Donnybrook. Su jirgin ƙasan DART ma "Dort" suke ce masa. Sauran gari suna yi musu kallon masu gudun asalinsu. Wato ko a nan lafazi yana faɗin unguwarku da makarantar da ka yi, kafin ka faɗi sunanka.

Game da daɗi, ni na Donegal na zaɓa, sai na Galway. Na Kerry kuwa, masu cewa "shtop" da "wesht", har yau in tsoho ne sai na kashe rediyo na juyo da kunne.

Hauwa_QUB
Ba wanda ya kare Belfast, to ni zan kare ta. Ina karatu a nan shekara ta biyu. Nasu ya bambanta ne saboda mutanen Sikotilan da Ingila da aka kawo aka zaunar a Ulster tun daga 1609. Daga nan suka samo "wee" da "aye". Komai a nan "wee" ne, wato ɗan ƙarami: a kanti za a ce ki sa wee kati, ki ɗauki wee leda, ki zauna a wee kujera. Ni sai ya tuna mini yadda muke cewa ɗan jira ni, ɗan miƙo mini, don tausasa magana. "Now" a bakinsu kusan "noi" take fita, kuma kowace jimla tana ƙarewa a sama. Watan farko na ɗauka kowa tambayata yake yi, ina ta ba da amsar abin da ba a tambaya ba. Mutane suna cewa yana da kaushi, ni kuwa yanzu in na je Dublin har kewarsa nake yi.

Issoufou_Damagaram
Gaisuwa daga Zinder. Mu da Faransanci muka yi lakwal, Turanci daga baya na koya don aiki da wata ƙungiyar agaji. Shugabar aikinmu 'yar Ayalan ce daga Mayo, mataimakinta ɗan kudancin Ingila. Ita nake ganewa, shi sai na roƙe shi ya rubuta. Kamar yadda Hajiya Binta ta ce, r ɗin ce, sannan wasulanta a miƙe suke, in ta ce "go" ko "day" sauti ɗaya ne ba ta lanƙwasa shi. Wannan ya fi kusa da yadda muke karanta boko.

Zainab_Tarihi
Ina so in ja hankali kan kalmar daɗi. Yau duniya tana yabon lafazin Ayalan, ɗan fim Cillian Murphy ɗan Cork ya karɓi kyautar Oscar a 2024 kowa yana son jin muryarsa, Liam Neeson ɗan Ballymena shi ma ana son muryarsa. Amma ba kullum haka abin yake ba. Shekaru aru-aru a dandalin wasan Ingila, in ana son a nuna wawa ko mashayi, wannan lafazin ake ɗora masa. A shekarun rikicin Ayalan ta Arewa, mai wannan baki in ya buɗe shi a jirgin ƙasa a Landan kallon tuhuma ake yi masa. Daga 1988 zuwa 1994 gwamnatin Birtaniya ta hana a sa muryar 'yan jam'iyyar Sinn Féin mai neman haɗe Ayalan a rediyo da talabijin, sai a nuna shugabanta Gerry Adams yana magana a ɗora muryar ɗan wasan kwaikwayo a kai. Sautin bai canja ba daga lokacin zuwa yau, matsayin masu shi ne ya canja. Ina jin rabin abin da muke kira daɗin harshe, ra'ayinmu ne game da mutanen.

Maman_Ilham
Zainab, na yi ta juya maganarki tun ɗazu. Wataƙila da gaskiyarki, domin mutanen nan suna da gaisuwa. "What's the story" da suke yi ai ina labari ce. Ba sa cewa za su yi abu gobe sai sun ƙara "please God". In kin kai wa tsohuwa shayi sai ta ƙi sau biyu kafin ta karɓa, irin karar da muka sani. Amma ban yarda duka ra'ayi ne ba. Daren farkon nan ban san halin dattijon ba, ban ma gane me yake cewa ba, kuma a tsorace nake, duk da haka sautin ya yi mini daɗi.

Abban_Khalifa_D15
Wani ɓangaren da ba a taɓo ba shi ne 'ya'yanmu. Khalifa a nan aka haife shi. In yana waya a ɗaki ba za ka ce ɗan Bahaushe ba ne, ɗan Dublin ne sak. Wani fasinja ya taɓa jin muryarsa ta lasifikar mota, ya ce wane ne wannan, na ce ɗana ne, ya yi shiru yana kallona ta madubi. Ku saurari Rhasidat Adeleke mai gudun mita 400, iyayenta 'yan Nijeriya, ita kuwa bakin unguwar Tallaght ta Dublin ne da ita. Chiedozie Ogbene a Legas aka haife shi, a Cork ya girma, ya buga wa Ayalan, in ya yi magana Cork ce take fita. Ina alfahari da haka, amma yana sa ni tunani. Su mutanen nan a 'yan tsararraki kaɗan suka saki harshensu, yanzu gwamnati tana kashe kuɗi yara su koye shi a makaranta, masu yin sa kullum a gida sai a 'yan yankuna kamar Connemara da yammacin Kerry da Donegal. Shi ya sa a gidana da an shigo ƙofa Hausa ake yi.

Binta_Leeds
Abban Khalifa ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi duka. Nawa suna ji amma da Turancin Yorkshire suke amsawa. Wannan sai an buɗe masa zance na kansa.

Sadiq_ABU
A dawo kan tambayar Maman Ilham. Ni a ƙidayata: Cork tana da mutum biyu, Donegal biyu, Belfast ɗaya, Mayo ɗaya, BBC ɗaya. Ba wanda ya zaɓi na Amurka. Ni shi na fi ganewa saboda finafinai, ko da yake ban ce ya fi daɗi ba.

Dan_Fagge84
Sadiq cire ni daga Donegal, misali kawai na bayar. Ni ina Cork tare da Keane.

Maman_Ilham
Na gode muku duka. Dattijon nan an sallame shi jiya. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya yi doguwar magana, wannan karon na kama fiye da rabi. Ya ce in je gonarsu in ga shanu in an yi bazara. Wata matsalar kuma: kalmomi. Sista mai kula da sashe ta ce in ɗauko zanen gado a cikin "press", na tafi neman dutsen guga, ashe kabad take nufi. Ta ce wani likita yana "giving out", ashe faɗa yake yi. Sunaye kuwa na koyi Siobhán Shivon ce, Niamh Niv, Aoife Ifa. Yau an kwantar da wata yarinya, a allo an rubuta Sadhbh. Da safe ni zan karɓe ta, kuma ba na so in ɓata mata suna. Wa zai taimaka?

Hauwa_QUB
Saiv ake faɗa, Anti, amonsa ɗaya da yadda Bature yake faɗin lamba biyar. Akwai mai sunan a ajinmu.